Tambaya da Amsa: Jita mai rahusa, da yadda za a sa ta yi laushi a hannu

Wasiƙun da suka iso mana daga Katsina da Daura a wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka biyo: jitar lantarki da bes (babbar jita mai kaurin murya) masu sauƙin kuɗi, wacce za a saya, kuma me ya sa bayan an saya take wahalar da yatsu. Mun taƙaita tambayoyin, mun bar amsoshin su yi tsawon da ya kamace su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin masu kiɗan biki a nan Katsina, kuma har yanzu jitar aro nake bugawa. Na tara ɗan abin da na tara, zan shiga Sabon Garin Kano in sayi tawa. An turo mini hotunan Squier, Yamaha Pacifica, Ibanez GIO da Epiphone, kowa kuma da wadda yake yabo. Wacce zan ɗauka? Daga wani matashi a Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Ka fara sanin cewa a wannan matakin na farashi, jita biyu masu suna ɗaya da suka fito daga kwali ɗaya kan bambanta a hannu fiye da yadda sunaye biyu suka bambanta a hoto. Don haka kada ka yi saye ta waya. Ka je da ƙafarka, ka riƙe.

Duk da haka kowane gida da halinsa. Squier ta kamfanin Fender ce, tun 1982 suke fitar da jitocinsu masu rahusa da wannan sunan. Hawa-hawa ce: Sonic a ƙasa, ita ta maye gurbin Bullet a 2023, sai Affinity, sai Classic Vibe a sama. Tsawon tsirkiyarta daga matashi (ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a bakin kai) zuwa jaki (ƙarfen da ke tallafe da su a jikin jitar) milimita 648 ne. Jikin Affinity ya fi na asalin Fender siranta, abin da ke rage nauyi ga mai tsayuwa tun daga magariba har a tashi biki. Classic Vibe tana da fikof (maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya) mafi daɗin sauti da matashi na ƙashi, amma bayan wuyanta fenti ne mai sheƙi, wanda ke kama tafin hannu idan gumi ya zo.

Yamaha ta fara fitar da Pacifica a 1990. Tsawon tsirkiya ɗaya ne da na Squier, sai dai fuskar wuyanta ta fi shimfiɗuwa, kuma faɗinta a wajen matashi milimita 41 ne, wato ta ɗan matse. Mai siraran yatsu zai ji daɗi, mai kaurin yatsu zai riƙa taɓa tsirkiyar maƙwabciya har ya saba. Akwai 012, akwai 112V, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta gaske ce: 112V tana da katako mafi kyau, da fikof na alniko (wani nau'in maganaɗisu), da maɓallin da ake ja ya raba babban fikof ɗin baya ya koma siririn sauti. Abin da muke yaba wa Yamaha shi ne daidaito. Idan ka ɗauki guda biyar a shago, da wuya ka sami mai mummunan aiki a ciki.

Ibanez GIO wuyanta siriri ne, fikof ɗinta masu ƙarfi, an yi ta ne don mai son sauti mai gurnani da gudun yatsu. Epiphone kuwa tana ƙarƙashin Gibson tun 1957, tsawon tsirkiyarta milimita 628. Wannan ragin na milimita 20 yana sa tsirkiya mai kauri ɗaya ta fi laushin dannawa da lanƙwasawa. Jakinta a kafe yake, ba ya motsi, saiti yana zama. Aibinta biyu: manyan Les Paul ɗinta kan kai kilo 4 ko fiye, kuma kanta a karkace yake zuwa baya, idan ta faɗi a wajen biki nan take karyewa.

Ga kiɗan da kake yi, inda ake son kowace tsirkiya ta fito fes irin salon mutanen Agadas, mu Pacifica 112V za mu ɗauka, idan kuɗi bai kai ba Affinity mai babban fikof a baya. Ka kuma kiyayi abu ɗaya: duk jitar da aka rubuta wa Fender ko Gibson ana sayar da ita kuɗin Squier, jabu ce. Gara Cort ko Harley Benton mai ɗauke da sunanta na gaskiya.

A shago, ɗora gindin jitar a ƙasa ka hango wuyan daga kai zuwa jiki. Ɗan lanƙwasa ba komai ba ne, ana gyarawa. Murɗewa, inda gefe ɗaya ya tashi ɗayan ya kwanta, ba ta da magani, ajiye ta. Sa mai shago ya juya rodin da ke cikin wuyan kaɗan a gabanka ya mayar. Idan kan notin ya cinye ko ya ƙi motsi, ita ma ajiye ta, musamman in gwanjo ce. Sauran matsaloli duk suna gyaruwa. Sannan kada ka ƙarar da kuɗin duka a kan jitar. Ka rage na sabuwar tsirkiya, da jaka mai soso, da wayar haɗi mai kyau.

Tambaya: Sabuwar jita na saya, amma tsirkiyoyin sun yi sama ƙwarai, minti kaɗan yatsuna sun yi zafi. Wani ya ce in ɗaure rodin wuya har su sauko. In yi? Daga Daura.

Amsa: Kada ka yi, Malam. Rodin ba don sauke tsirkiya aka sa shi ba, aikinsa daidaita lanƙwasar wuya ne kawai, kuma yawancin wuyan da suka lalace a hannun masu koyo ta nan suka lalace. Gyaran yana da tsari, kuma kowane mataki yana taɓa na bayansa, shi ya sa ba a tsallake: wuya, jaki, matashi, fikof, sannan daidaiton sauti.

Kayan aikin ba su da yawa. Alanki na milimita 4 ko 5 don rodi, gwargwadon jitar, da na 1.5 don ƙananan sukurorin jaki, da sukundireba, da manhajar saita sauti a waya. Idan kana da abokin makanike ka ari filar da suke auna bakin fulogi da ita. In babu, guntun tsirkiyar farko, wato siririyar, ta saitin tsirkiyoyi mai lamba 10 kaurinsa milimita 0.25 ne, katin ATM kuma 0.76. Da waɗannan biyun za ka yi aikin.

Sa sabuwar tsirkiya, ka saita sauti, ka riƙe jitar yadda kake bugawa, ba a kwance a tabarma ba, domin nauyin wuyan yana canza awo. Danne tsirkiya mai kauri a firet na 1 (firet su ne ƙarafunan da ke gicciye a fuskar wuya, ana ƙirga su daga kai), idan ba ka da abin matsewa fensir da roba sun isa. Da hannun dama danne ta a firet na 17. Yanzu tsirkiyar ta zama miƙaƙƙen layi. Duba tazarar da ke tsakaninta da saman firet na 8: milimita 0.25 ake so, wato guntun tsirkiyar nan ya shige yana ɗan gogawa. Idan tazarar ta fi haka, wuyan ya rusuna gaba, sai ka sassauta tsirkiyoyi kaɗan ka juya rodin dama, yadda hannun agogo ke tafiya idan kana kallonsa daga kai. Idan babu tazara sam, juya hagu. Kashi ɗaya cikin takwas na zagaye kawai, ka sake saita sauti, ka sake aunawa. Kada ka wuce rubu'in zagaye biyu a yini, katako yana buƙatar lokaci ya bi ƙarfe. Alankin ya shige har ƙarshe kafin ka juya, wanda ya yi ƙanƙanta ko da kaɗan ne zai cinye kan notin. In ka ji ya cije, tsaya nan, kai wa wanda ya sani.

Sai jaki. Saki tsirkiyar, ka auna daga saman firet na 12 zuwa ƙarƙashinta. Siririyar ta zauna wajen milimita 1.6, katin ATM biyu ke nan da ɗan sarari, mai kaurin kuma wajen 2. Na tsakiya su bi gantsarewar fuskar wuyan a hankali. Kowane ƙaramin sirdi, wato inda tsirkiya ke zama a kan jaki, yana da sukurori biyu, ka sauke su daidai don kada ya karkace. Idan sirdin ya kai ƙasa amma tsirkiya tana nan sama, matsalar kusurwar wuya ce: a kwance sukurori huɗun baya, a sa guntun kati mai kaurin milimita 0.3 a cikin ramin ta ɓangaren jiki, a mayar. Wannan ɗan katin kaɗai yana sauke tsirkiya sosai.

Matashi shi ne inda kamfanoni ke tsimin lokaci, kuma shi ne asalin zafin yatsu a firet uku na farko. Danne tsirkiya a firet na 3, ka duba saman firet na 1. Tazarar kada ta wuce kaurin takardar rubutu. A jita mai rahusa za ka tarar ta ninka haka sau uku ko huɗu, shi ya sa kake matsawa da ƙarfi, kuma sautin ke haurawa sama ko da ka saita daidai. Zurfafa ramukan yana son magagari na musamman. Hanyar da ta fi aminci a gida ita ce a yanka fentin gefen matashin da reza, a ɗan buge shi ya fita, a shimfiɗa samfefa mai lamba 220 a kan gilashi, a goge ƙasansa kaɗan, a mayar a gwada. Ka yi haƙuri ka maimaita. Abin da ka goge ba ya dawowa.

Fikof kuwa, danne tsirkiya a firet na ƙarshe, ka bar milimita 2 zuwa 2.4 a gefen masu kauri, 1.6 zuwa 2 a gefen sirara. Idan ya matso da yawa maganaɗisun yana jan tsirkiyar, sauti ya riƙa rawa ya mutu da wuri.

Na ƙarshe, buga tsirkiya a sake ka saita ta, sannan danne firet na 12. Idan manhajar ta nuna ya haura, ja sirdin baya, nesa da wuya. Idan ya gaza, tura shi gaba. Da tsohuwar tsirkiya wannan awon ba ya zama, kada ka ɓata lokacinka.

Idan bayan duk wannan ka ji zizar ƙarfe, inda take fitowa zai gaya maka dalili. Daga firet na 1 zuwa na 5, wuyan ya miƙe da yawa. Daga na 12 zuwa sama, jaki ya yi ƙasa. A tsirkiya sake kawai, matashi ya zurfafa. A wuri ɗaya tak, firet ɗin da ke gaba ne ya fi 'yan'uwansa tsawo. Ɗora gefen katin ATM a kan firet uku, in ya yi lilo to na tsakiyar ne. Zizar da ba ta fita ta amfilifaya kuma, ƙyale ta.

Ka duba kaurin tsirkiyar ma. Saiti mai lamba 10 zuwa 46 yana jan wuya da nauyin kusan kilo 46, mai 9 zuwa 42 kuma kusan kilo 38. Ga mai koyo a jita mai tsawon 648, lamba 9 ta fi.

Tambaya: Da damina na sayi jitata, wuyanta sumul. Yanzu da hunturu ya shigo, bakin ƙarafunan firet yana yankar mini hannu. Ha'inci aka yi mini? Daga Rafin Daɗi, Katsina.

Amsa: Ba a ha'ince ka ba. Yawancin waɗannan jitocin a Indonesiya da Sin ake ƙera su, kuma katakon jita ya fi son iska mai laima kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Hunturun Katsina kan sauko ƙasa da kashi 20. Katakon ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake, sai bakinsa ya leƙo waje. Abin da ke sa ƙofar katako ta cije da damina ta yi sako-sako da rani, shi ne dai.

Lokacin gyara shi ne sa'ad da bushewa ta kai maƙura, wajen Fabrairu zuwa Maris. Idan ka goge a lokacin, ba zai sake dawowa ba. Idan ka goge da damina, hunturu mai zuwa za ka sake.

Kwance tsirkiyoyi. Rufe fikof gaba ɗaya da salatif ɗin takarda irin na masu fenti, domin garin ƙarfe yana bin maganaɗisu ya shige ciki. Liƙa salatif ɗin a gefen wuyan ƙasa da bakin firet, da kuma jikin jitar inda wuya ya shiga. Ɗauki ƙaramin magagari mai laushin haƙori, ka kwantar da shi a tsawon gefen wuyan, ya hau firet uku ko huɗu a lokaci ɗaya, ka tura a hankali. Kunnenka ne ma'auni: muddin kana jin ƙarar ƙarfe ci gaba, da zarar ƙarar ta yi laushi ka kai katako, tsaya. Sannan karkata magagarin kaɗan ka bi gangaren da kamfani ya yi, kada ka ƙara masa kwanciya, in ba haka ba siririyar tsirkiya za ta riƙa zamewa ta faɗa gefe. Bi kusurwoyin kowane firet da samfefa 400, sai 600, sai 1000. Gwada da bayan yatsa, ya fi ciki jin kaifi.

Tunda ka riga ka kwance, ƙara wannan: ɗauki sandar sukundireba mai santsi, ka goga ta da ɗan ƙarfi a kan kaifin gefen katakon tsakanin firet da firet. Gefen zai danne ya zama zagaye, irin na tsohuwar jitar da hannu ya daɗe yana bi. Aikin minti goma ne, kuma cikin duk abin da za ka yi wa jita mai rahusa kaɗan ne ke canza yadda take a hannu kamarsa. A wuyan da aka shafe fuskarsa da fenti kada a yi, fentin zai tsage.

Don kiyaye gaba, jita ta kwana a jakarta. Sa soso mai ɗanshi, wanda aka matse har ba ya ɗiga, cikin gidan sabulu mai huji, ka ajiye a jakar inda ba zai taɓa ƙarfe ba. Kada a bar ta a but ɗin mota da rana. Kuma a auna lanƙwasar wuya sau biyu a shekara, bayan ruwa ya zauna da bayan hunturu ya kama.

Tambaya: Zan iya shafa wa fuskar wuyan man gyaɗa ko man kaɗe don kada ta tsage? Kuma bayan wuyan yana kama mini hannu. Daga Ƙofar Marusa.

Amsa: Man girki yana yin ɗoyi, ya yi danƙo, ya tara ƙura. Nemi man da aka yi don fuskar jita, ko farin man ma'adini mara ƙamshi na kantin magani. Ɗigo uku ko huɗu a tsumma, a shafa, a jira minti biyar, a goge tas. Sau biyu a shekara ya wadatar, yawansa yana sassauta firet. Wannan ga baƙin katako ne mara fenti. Fari mai sheƙi ba ya shan mai, tsumma kawai yake so.

Bayan wuya kuma, samfefa 1000 ko 1200, a bi tsawonsa sau kaɗan ba tare da dannawa ba, har sheƙin ya dushe. Kada a kai ga katako. Bayan wasu watanni hannu zai mayar da sheƙin, sai a maimaita.

Tambaya: Ni ke buga bes a ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Hannuna ƙarami ne, kuma wadda muke da ita tana sa mini ciwon kafaɗa. Za a sayi sabuwa, an ce in zaɓa tsakanin Ibanez GSR200, Yamaha TRBX174 da Squier Affinity. Daga wata 'yar'uwa a Katsina.

Amsa: 'Yar'uwa, dukansu ukun tsawon tsirkiyarsu milimita 864 ne, don haka tazarar firet ɗaya ce. Bambancin yana wajen kaurin wuya da nauyi da kayan wuta.

GSR200 ita ce mafi ƙanƙantar jiki da rashin kaurin wuya a cikinsu, kuma yawanci ta fi sauƙi a kafaɗa. Tana aiki da batir mai bolt 9. Idan aka bar waya a soke bayan an tashi, batirin yana ci gaba da zuƙewa, kuma ranar da ya mutu sauti zai shaƙe ko ya ɗauke a tsakiyar waƙa. Sai a saba da zare waya, a kuma ajiye batir na biyu a jaka. TRBX174 ba ta da batir, firet ɗinta 24, aikinta tsaf, kuma ga kayan da hannu da yawa ke taɓawa ita muka fi amince wa. A Squier Affinity ki lura da iri biyu: Jazz Bass faɗin wuyanta a matashi milimita 38 ne, mafi matsewa a duk waɗannan, Precision kuma ta fi faɗi. Sai dai jikin Jazz babba ne.

Idan miƙa yatsu daga firet na 1 zuwa na 4 shi ne ainihin wahalarki, akwai gajeru: Squier Bronco mai milimita 762, da Ibanez Mikro mai 726. Ba kayan yara ba ne. Sautinsu ya fi taushi, tsirkiya mai kaurin tana ɗan rage ƙarfi, kuma tsirkiyarsu ta musamman ce wadda samunta a kasuwanninmu ke da wuya, sai a sayi saiti biyu tun farko.

Kafin a kashe kuɗi, a gwada gyara ta yanzu. Tsarin ɗaya ne da na jita, awon ne ya bambanta: lanƙwasar wuya milimita 0.3 zuwa 0.35 a firet na 8, tsayin tsirkiya a firet na 17 wajen 2.4 a mai kauri da 2 a siririya, fikof kuma 2.8 da 2. Tsirkiyar bes mai lamba 45 zuwa 105 tana jan wuya da fiye da kilo 70, shi ya sa wuyan bes ya fi na jita saurin rusunawa, kuma bes ɗin da ta shekara ba a taɓa rodinta ba kusan kullum tana wahalar da mai ita. Komawa lamba 40 zuwa 100 yana rage ja, amma sai an sake sassauta rodi kaɗan.

Ciwon kafaɗar kuma sau da yawa daga maɗauri ne. Siririn maɗaurin leda yana zamewa, kan bes ɗin ya riƙa rinjaya ƙasa, hannun hagu ya koma tallafe wuya maimakon bugawa. Nemi mai faɗin santimita 7 ko 8 wanda cikinsa ke da kaushi. Dukawanmu za su ɗinka miki na fata mai kyau idan kika kai musu awo. Kuma kada a sa bes a amfilifayar jita a ƙure murya, lasifikar za ta yage.

Tambaya: Ina da ɗan situdiyo. Jitar tana gunji idan na sa ta a amfilifaya, wani lokaci kuma idan janareta ke aiki tsirkiyar tana ɗan ja na. Daga Sabuwar Unguwa.

Amsa: Abu biyu ne daban, kuma na biyun ya fi gaggawa. Jita ba ta da wutar da za ta ja mutum. Wutar daga amfilifaya ko mahaɗin sauti take zuwa, saboda babu wayar ƙasa. Tsirkiyoyin a haɗe suke da jikin amfilifayar ta cikin waya, don haka duk wutar da ta zubo ta jikinka za ta bi, musamman idan leɓenka ya taɓa makirufo ko kana tsaye ba takalmi a siminti. Wannan yana kisa. Ka daina bugawa har mai wayarin ya duba: ƙafa ta uku ta fulogi tana nan kuma a haɗe, soket ɗin yana da wayar ƙasa ta gaske, janaretan an kafa masa rodi a ƙasa, kuma duk kayan sautin daga layi ɗaya suke sha.

Gunjin kuwa, siririn fikof yana kama kaɗawar wutar gida, wadda a Nijeriya take sau 50 a daƙiƙa. Halinsa ne. A yawancin jitoci masu fikof uku, matsayi na 2 da na 4 na makunnin zaɓen fikof suna kashe shi. Yi wannan gwajin: taɓa tsirkiya. Idan gunjin ya ragu, wayoyin lafiya lau, rufi ne babu. Idan bai canza ba, wayar da ta tashi daga jaki zuwa bayan maɓallin murya ta tsinke, mai gyaran rediyo zai liƙe ta da dalma. Idan ya ƙaru, an juya wayoyin soket ɗin jitar.

Rufin ana yinsa da salatif na tagulla: a liƙe cikin ramin kayan wuta da bayan murfin, kowane yanki ya hau ɗan'uwansa, a haɗa shi da wayar ƙasa ta jitar, a gwada da mita cewa duk a haɗe yake. A lura kada ƙafar makunni ta taɓa shi, sauti zai ɗauke. Ka kuma nisanta daga cajar waya, da inbata, da maɓallin fanka. Ƙarar karce-karce idan ka juya maɓalli ƙurar hunturu ce, a fesa maganin wanke kayan wuta irin na masu gyaran waya, ba man sassauta noti ba.

Tambaya: Jitata ba ta riƙe saiti. In canza kunnuwan ɗaure tsirkiya ne, ko in haɗa da fikof gaba ɗaya in huta? Daga Zangon Daura.

Amsa: Kunnuwa su ake zargi, amma da wuya laifin ya zama nasu. Fara da naɗi: zagaye biyu zuwa uku a tsirkiya mai kauri, huɗu zuwa biyar a siririya, kowane zagaye ƙarƙashin na baya, ba a kan juna ba. Sabuwar tsirkiya a ja ta da yatsa a tsawonta, a sake saitawa, har ta daina sauka. Kullum a iso sauti daga ƙasa. In ka wuce, sauko sosai ka sake hawa. Ɗaure notin saman kowane kunne da sifana mai lamba 10, a hankali.

Idan kana juya kunne ka ji "ƙis" sannan sauti ya yi tsalle, tsirkiya ce ke maƙalewa a matashi. Goga bakin fensir a cikin kowane rami. Idan jakinka mai hannun girgiza ne kuma ba ka amfani da shi, buɗe murfin baya, ka ɗaure manyan sukurori biyun da ke riƙe da sifirin har gindin jakin ya kwanta a jikin jitar, ko ka ƙara sifirin su zama biyar. Daga nan ko tsirkiya ɗaya ta tsinke sauran ba za su gudu ba.

Fikof ba ya shiga maganar saiti ko kaɗan, kuma ba ya canza yadda jita take a hannu. A amfilifaya ƙarama ma da ƙyar za ka ji bambancin. Idan akwai abin da ya cancanci canji a jita mai rahusa, matashin roba ne. Na ƙashi ya fi shi tauri da santsi, kuma ana iya yinsa a gida: ƙashin ƙwaurin sa daga wajen mahauta, a cire ɓargo, a tafasa da ruwa da omo har maiƙon ya fita, a shanya a inuwa mako biyu ko uku. Ƙashin da maiƙo ya rage a ciki zai yi rawaya kuma gam ba zai kama shi ba. A yanka shi daidai da tsohon, a kwafi tazarar ramukan daga gare shi, kowane rami ya gangara kaɗan zuwa wajen kunnuwa don tsirkiya ta tashi daga bakin gaba. Wajen mayarwa ɗigo biyu ƙanana na gam ɗin kafinta sun isa, domin wata rana za a so a sake cire shi ba tare da katakon ya biyo ba.